Balaraba ba ƙanƙara take sayarwa ba

Balaraba ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina bakin titi a Funtuwa ina jiran Keke Napep zuwa wurin aiki. Yayanta ne ya kira, ya ce ciwon da take fama da shi ya ci ƙarfinta a wani asibiti a Kanada, can kuma za a yi mata sutura. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ban je aikin ba. Har yanzu da mayafina nake zaune.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Balaraba ƙawata ce tun muna ƙaramar sakandare a Malumfashi, 'yar wani ƙauye ce a bayan Kafur. Ni mai ciwon asma ce, don haka duk ranar aikin gonar makaranta sai ta gama kunyarta ta dawo ta nome tawa, tana yi tana zagina wai raguwa. A filin makarantar ta fara riƙe sandar hoki. Muna aji uku kawunta ya tafi da ita Kanada, can ta koma hokin ƙanƙara, wanda ake yi da takalma masu kaifi a ƙasa, ana sulɓi a kan daskararren ruwa.

Kusan shekara goma tana bugawa a ƙungiyar ƙwararru ta mata, mai tsaron baya ce. Shi ne aikinta. A nan ta bar haƙorinta na gaba, a nan ta lalata gwiwarta ta dama.

To amma mu nan ƙanƙara iri biyu muka sani: wadda ke faɗowa da damina ta kwantar da masara, da wadda ake saya da azumi a jefa a zoɓo. Da aka fara cewa Balaraba tana harkar ƙanƙara a ƙasar waje, sai mutane suka ɗauka sayarwa take yi. Inna, mahaifiyarta, ta san gaskiya, amma ba ta gyara wa kowa ba. A ce ɗiyarka tana sana'a ya fi daɗin faɗa a gidan suna a kan a ce ƙatuwar mace tana can tana wasa.

Haka muka bar zancen, har da ni.

Ita kuwa ba ta taɓa manta sunan ɗa ko ɗaya cikin 'ya'yana ba. Duk sanyi sai ta turo saƙon murya: “Ke raguwa, kina shan maganinki?”

Da daminar bara ta zo gida, lokacin ta riga ta daina wasa, tana ɗan ɗingishi. Abu ɗaya ta so, a ba ta rabin awa ta yi wa 'yan matan tsohuwar makarantarmu magana. Sau uku muna zuwa ana ce mana a dawo gobe. A na huɗu aka ce iyaye ba za su so ba.

Ranar da za ta koma muna tasha muna cin gasasshiyar masara, ta ce min, “Ke da kike da mabiya a soshiyal midiya, don Allah ki rubuta abin da nake yi. Ki sa hotona da kayan wasa. Na gaji da ana tambayata nawa nake sayar da ƙulli.”

Dariya ta yi, amma idonta ya kawo ruwa.

Na ce in sha Allahu, irin wadda mai faɗa da mai ji duk sun san ba za a yi ba. Tsoron kwamen na ji, kada a ce malamar makaranta guda tana tallar mace da wando. Wallahi yau haushin kaina nake ji fiye da na kowa.

Tun ɗazu nake ganin hotonta a sitatus ɗin mutanen da suka hana ta rabin awa, wai “gwarzuwarmu”. Ku ji tsoron Allah. Da tana da kunnen ji kuna ina?

Na kira Inna in yi mata gaisuwa. Muka yi kuka muka gaji, sai ta ce, “'Yar nan, mutane na ta shigowa. Wai mi ne ne sunan wasan nan nata? Faɗa mini a hankali in riƙe, yau ba ni son in yi mata ƙarya.”

Sau uku na maimaita mata, tana bina kamar mai ɗaukar karatu.

Allah Ya jiƙan Balaraba, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinta a ƙasar da ba mai kai mata ziyara cikinmu. Ya ba Inna haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya saka ta a addu'a, ya haɗa da ni, ko Allah Ya sa ta yafe mini kafin ta tafi.