Muryar Mama a Tsohuwar Waya

Mama ba ta taɓa yarda cewa saƙon murya ba kira ba ne. In ta danna, sai ta ce, "Ina kwana, 'yata?" ta yi shiru tana jiran amsa. "Yaya yara?" Shiru. "Kin je coci?" Shiru mai tsawo, don ta san halina. Mun yi mata bayani har mun gaji, ta ce ita ba ta gaisuwar mahaukata, a yi ta zuba ba a sauraron mutum.

Da ta rasu, saƙonnin nan suna cikin tsohuwar wayata, wadda ta taɓa faɗawa cikin bahon wanki. Tun daga ranar da ta sha ruwan nan ba ta hawa intanet, ba ta ganin memori kad, ramin caji ma ya mutu, sai na cire batir na caja shi daban. Murya kuwa tana fita tar.

Na kai ta wurin mai gyara a Sabon Tasha. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe.

"Anti, memorin wannan a manne yake da jikinta. In na sa wuta zan cire, komai zai iya tafiya. Ki sayi sabuwa mana, na yanzu memorinsu kamar rumbu, ga sauri."

"Mama tana cikin rumbun?"

Ya miƙo mini wayata.

Na sayi sabuwar, amma tsohuwar ce ke mulkina. Batirinta ya kumbura, na ɗaure murfin da roba. Ba na barinta a gida don tsoron yara, ba na shiga keke da ita sai na rungume jaka kamar mai ɗauke da ƙwai. In hadari ya haɗo a unguwarmu Mahuta, wayar nake fara tunawa kafin shanyata. Na gaji, kuma ina jin haushin gajiyar.

Wata Asabar na rufe ƙofa da taga, na kunna Mama a sifika, na kara sabuwar waya tana ɗauka. Na ce yau zan huta.

Da na saurari abin da na ɗauka, ga janaretan maƙwabta, ga mai tallan doya, Mama can ƙasa kamar daga rijiya. Ta ce, "Ina kwana, 'yata?" A cikin shirun sai na ji muryata, ban ma san na yi magana ba: "Lafiya lau, Mama."

Na sake ɗaure tsohuwar da roba, na mayar da ita jaka.