Tsoho Mai Mayyar Katako

A kasuwar gwanjo ta birnin Prag, wani tsoho na zaune bayan tebur, rigar sanyinsa ta koɗe, yatsunsa duk tabon wuƙa. A gabansa akwai 'yar tsana ta katako, mayya mai haƙoran ƙusa. Vendula, da ta zo wucewa tare da ƙawarta, ta gane ta nan take. Ita ce mayyar fim ɗin nan mai cinye inuwar yara, wadda ta hana ta barci tana ƙarama.

Ta zunguri ƙawarta tana dariya. "Wai wannan tarkacen ne ya sa ni fitsarin kwance! Yanzu ai kwamfuta cikin minti biyar za ta gama irin wannan fim."

Tsohon bai ɗago ba. Yana ƙoƙarin ɗaga hannun mayyar kaɗan-kaɗan, yadda masu irin fim ɗin ke yi: a motsa, a ɗauki hoto, a sake motsawa. Wataƙila a haka ƙuruciyarsa ta ƙare, cikin ɗaki mai duhu. Yanzu hannunsa rawa yake, na mayyar sai faɗuwa yake yi.

"Kwana tara na yi ina motsa ta, 'yata," ya ce a hankali, "kafin ta juyo ta kalle ki a fim ɗin."

Vendula ta matso kusa da teburin. Ta sunkuyar da kai, ta tallafe hannun mayyar har ya gama gyara mata yatsu.