Ƙofar da Ba Ta San Asabar Ba

A cikin Yahudawan da suka rage a Kasabalanka babu wanda bai san Freha Sebbag ba, kuma rabinsu in sun hango ta sai sun gyara tsayuwa. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kullum da tabarau rataye a wuya. A Sefrou aka haife ta. Tana da shekara goma sha biyar ta zo birni koyon ɗinki, ta yi shekara arba'in a kan keken ɗinki. Amaren unguwa da yawa ita ta ɗinka musu rigar biki, shi ya sa har yau babu matar da ta isa ta yi mata ɗagawa, don ta san faɗin ƙugun kowa. Mijinta Yamin mahauci ya rasu, 'ya'yanta uku suka watse, biyu a Ashdod, ɗaya a Faris. Duk shekara sai sun aiko mata da tikitin jirgi, ita kuma ta tambaye su wa za ta bar wa kabarin ubansu.

'Yan garin da suka yi arziki a Montreal ta Kanada sun kafa gidauniya don waɗanda suka bari a gida: maganin tsofaffi, abincin Asabar, gyaran makaranta, da tsaron wuraren ibada. Kuɗi kam suna da shi, ido ne ba su da shi a ƙasa, sai suka naɗa Freha. Duk mai neman tallafi ita yake fara kai wa takarda, ta je ta gani da idonta, sannan ta sa hannu ko ta ƙi. Wani ya taɓa neman kuɗin gyaran rufin majami'a. Ta jira ranar da aka tafka ruwa, ta je ta zauna a ciki awa biyu, ta fito a bushe, maganar ta mutu. Wata baiwar Allah kuma da ke ɓoye talaucinta, daga wuyan rigarta da aka juya Freha ta gane. Tun daga nan nama yake zuwa gidan duk Juma'a, mahauci ya rantse kuskure ne, kuma ba ya karɓar abin da ya riga ya yanka.

Mace irin wannan ba ta saba yin kuskure ba, shi ya sa da ta tashi yi sai ta yi babba.

Akwai wani gida da ake kira Dar Zohra, wanda wata tsohuwa ta bar wa jama'a. A ƙasa ƙaramar majami'a ce, a sama zauren cin abinci. Duk Asabar tsofaffi kusan talatin suke tahowa a ƙafa, su yi addu'a, su ci skhina, tukunyar nama da ƙwai da alkama da ake ɗorawa tun ranar Juma'a ta kwana a kan wuta. Mai gadin gidan Si Larbi ne, Musulmi, shekararsa ashirin da shida a kan kujera ɗaya, yana zare sakata yana mayarwa. Ɗan sanda yana bakin layi yana aikinsa, amma sanin wace tsohuwa ce ta gida, wane ne baƙo, wannan na Larbi ne.

Wata shekara aka kai hari wata majami'a a Turai, hankalin kowa ya tashi. Gidauniya ta ce za ta sa ƙofar ƙarfe mai lantarki a Dar Zohra, da kyamara da maɓallin da ake dannawa ta buɗe. Sharaɗin ɗaya ne: tunda ga ƙofa, a daina biyan mai gadi. Freha ta tsorata kamar kowa. Ranar Talata aka kawo mata takardar, ranar Talata ta sa hannu, wata Talatar kuma ta je ta danna maɓallin, ƙofa ta buɗe sumul. Matar da tun tana yarinya ba ta taɓa kunna fitila ranar Asabar ba, ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ba cewa ranar da gidan yake cika ita ce ranar da babu mai taɓa lantarki a cikinsu. Aka sallami Larbi da dirhami kaɗan da godiya mai yawa.

Ita a wata majami'a kusa da gidanta take addu'a, don haka sai bayan wata huɗu ta taka Dar Zohra ranar Asabar. Ta tarar da ƙofar a wangale, an tokare ta da turmin ƙarfe na daka yaji. Perla mai girki ta gaya mata, tana kallon ƙasa, cewa tun yammar Juma'a suke tokarewa, haka take kwana, haka take wuni. Babu wanda ya kai mata labari, don babu mai son zama na farko da zai ce wa Lalla Freha, wato uwargida Freha, ta yi shirme.

Kunya ta kama ta, tsoro ya biyo baya. A da akwai sakata da mutum. Yanzu tsofaffi talatin ne a bayan ƙofa buɗe, kuma hannunta ne a kan takardar.

Ranar Lahadi ta kira Yoel Knafo, ɗan wanda ya kafa gidauniyar, wanda yanzu yake riƙe da ita. Mutum ne mai kirki da tsoron Allah, amma in ya riƙe doka kamar ya riƙe ta da haƙori. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce laifinta ne, a mayar da Larbi. Ya ce kuɗin tsaro kaya ake saye da shi, ba a biyan albashi, haka kwamiti ya tsara. Ya kawo shawarar makulli mai lamba wanda ba ya aiki da wuta. Ta ce rabin mutanenta ba sa ganin lamba, sauran rabin kuma sunan jikokinsu ma sai an tuna musu. Ya yi dariya, amma bai sauka ba. Da ma a makon zai zo ziyarar kabarin kakansa, sai ta gayyace shi cin skhina.

Ta ce wa Perla kada a sa turmi wannan Juma'ar. Ta bi tsofaffin da ta iya samu ta gaya musu abin da ta shirya, suka yi murna kamar yara, don an daɗe ba a yi abin kallo a layin ba. Mabuɗin ƙaramar ƙofar kicin kuwa ta ba Perla ta kai wa Larbi. Ita ba ta iya haɗa ido da shi ba tukuna.

Da safiyar Asabar Yoel ya taho a ƙafa daga masaukinsa cikin kwat mai tsada, ya tarar da jama'a a titi. Maƙwabta sun fito musu da kujeru. Ƙamshin skhina yana saukowa ta taga. Ƙofa a rufe, maɓalli yana ƙyalli, kowa ya naɗe hannu.

"Bismillah, ɗana," in ji Freha. "Ƙofarku ce. Buɗe mana."

"Goggo, kin san ba zan taɓa ba."

"To wa zai taɓa? Zaɓi ɗaya a cikinmu ka ɗora masa zunubin."

Wata tsohuwa ta ce ai ta ji a Kanada ƙofofi ma suna jin Faransanci, ya gwada yi mata magana. Aka yi ta dariya, rana tana ƙara zafi, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya tambaya yadda ake yi sauran makonni. Freha ta gaya masa zancen turmi, dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke.

Can sai ga Larbi cikin jallabiya, ya zaga ta lungu ya buɗe ƙofar kicin, ya tsaya a gefe yana shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya kira sunansa, ya tambayi gwiwar wannan, ya tambayi idon wancan. Da na ƙarshe ya wuce bai rufe ba, ya leƙa titi hagu da dama.

"Lalla Freha, ina Mesye Amram?"

Amram Ohana tsohon mai gyaran agogo ne, shi kaɗai yake zaune, ba ya magana da kowa, a can baya yake zama. Freha ta manta ba ta je gidansa ba, kuma duk cikinsu babu wanda ya lura ba ya nan. Larbi ya ce Asabar ba ta taɓa wuce mutumin nan ba, ko ana ruwa.

Su uku suka tafi, Freha da Larbi da Yoel, layi biyu ne tsakani. Suka buga, shiru, sai nishi can ciki. Larbi ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Tsohon yana kwance a bakin banɗaki tun yammar jiya, ƙugunsa ya karye, leɓɓansa sun bushe. Wata maƙwabciya ta ɗauko waya za ta kira motar asibiti, Yoel ya karɓe daga hannunta ya danna lambar da kansa. A addininsu in rai yana cikin haɗari Asabar takan kauce, kuma ba a tura wani ya yi, babban da ke wurin shi yake fara sa hannu.

Amram ya rayu, har yau yana tafiya da sanda. A ranar kuwa, da rana ta faɗi Asabar ta fita, Yoel ya ce wa Freha ta rubuto sabuwar takarda, ta sa albashin mai gadi a cikin kuɗin tsaro, shi zai ji da kwamiti. Ta ce har da na wata huɗun da ya zauna a gida. Bai yi musu ba. Aka cire wutar ƙofar, maƙeri ya sa mata sakata.

Washegarin Asabar ɗin ta ɗauki kan sukari, abin da ake kaiwa a can in za a ba da haƙuri, ta tafi gidan Larbi da ƙafarta. Ta zauna, ta ce ta zalunce shi, ya yafe mata. Kalmar ta yi mata nauyi, amma ta faɗe ta duka. Sannan ta tambaye shi yadda aka yi ya san Amram bai taɓa fashi ba, bayan wata huɗu ba ya wurin.

Ya zuba mata shayi, ya tura mata kofin.

"Wa ya ce ba na wurin, Lalla? Duk Asabar ina shagon shayi na ƙetaren titi. Ƙofa a buɗe, ku kuma kuna ciki, ina zan tafi?"