Sunan Kakana da Na Goge

Jiya ana haƙar fandishon gini a bayan ofishina, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga, sai kawai raina ya ɓaci. Kakana na tuna.

Mai haƙar rijiya ne a wani ƙauye kusa da Zango. Da bazara, in rijiyoyi sun ƙafe mata suna wuni da guga a hannu, shi ake aika wa. Yakan zaga fili ba takalmi, ya duba inda gawo da kanya suka fito, ya durƙusa ya murza ƙasa, ya ɗanɗana. Sai ya ce, "A nan, zurfin gaba tara." A gaba taran kuwa za a tarar da ruwa.

Yau ni malami ne a jami'a, cikin abin da ake kira fakalti. Na bi kalmar nan har gidansu. Turanci ya aro ta daga Faransanci, shi kuma daga Latin, inda take nufin iya yin abu. Daga baya aka laƙaba wa fannonin ilimi, sannan malaman da ke koyar da su. Wato iyawa ce ta fara zuwa, kujera ta biyo baya.

To, ji abin da mu masu kujera muka yi. Da nake rubuta kundin digirina a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, wata biyu na yi a zauren kakana ina tatsarsa. Ya tsufa, idonsa ya tafi, amma bai ɓoye min komai ba. Abu ɗaya ya roƙa: "Ɗan nan, ka sa sunana a ciki, na baya su san na iya wani abu." Na ce to.

Malamin da ke duba aikina ya ja jan biro a kan sunan. Wai ba a kafa hujja da wanda ba shi da takarda, in rubuta "wani mazaunin ƙauye". Wani mazaunin ƙauye! Mutumin da ya shayar da garuruwa, a bakin wanda ko ramin shuka bai taɓa haƙawa ba! Amma wallahi haushin kaina na fi ji. Tsoron kada a riƙe min digiri ya sa na goge.

Da na kai wa kakana kundin, ya ce in nuna masa wurin da sunansa yake. Na kama yatsansa na ɗora a kan wani layi. Ya yi ta shafawa yana sa min albarka. Har ya rasu bai san ƙarya na yi masa ba.

Yanzu da inji ake haƙa rijiya, ɗalibai kuma suna kafa hujja da kundin nan. Sunana suke rubutawa.