Kajin Aisatu Sun Yi Ƙiba

Aisatu mai kindirmo ba ta taso da kallo ba. A ruga aka haife ta, aure ya kawo ta Abbare, kuma har mijinta ya rasu ba ruwanta da fim. 'Yarta Mufida ce ta jawo, da ta zuba mata fina-finan Turkiyya masu fassarar Hausa a waya, wai don ta rage kewa. Kewa kam ta ragu, sai zargi ya samu wurin zama.

Aisatu ta lura a gidajen sarautar fina-finan nan ba mai mutuwar Allah da Annabi. Duk wanda aka miƙa wa kofi da murmushi, to a fara haƙa masa kabari. Kuma ba baƙo ke yi ba, sai wanda aka fi yarda da shi. Ta riƙa kaɗa kai tana cewa, "Ashe haka duniya take, ni ina zaune baki sake!"

To, wa ta fi yarda da shi? Dinatu, maƙwabciyarta, wadda Hausa ba ta gama zama a bakinta ba. Tun suna amare kwano ke tsallake katangar da ke tsakaninsu. Dinatu ta miƙo tuwo ko faten doya, Aisatu ta mayar da kwanon cike da kindirmo, don a tsakaninsu kwano ba ya komawa ba komai. Dinatu ce ma ta riƙe ta ranar da ta haifi Mufida. A da abin godiya ne wannan, yanzu kuwa ya zama hujja.

Wata rana ta hango Tobias, ɗan Dinatu, yana auna katangar. Washegari ta ci faten Dinatu, cikinta ya murɗa. Ɗanyen mangwaron da ta sha da safe ko tuna shi ba ta yi ba. Ta yanke hukunci a ranta: gidan suke so.

Mufida ta ce, "Dada, katangar ce ta tsage, gyara zai yi kafin damina."

"Haka dama suke cewa," in ji Aisatu.

Sarakunan fim suna da mai ɗanɗana musu abinci, ita kuwa kaji take da su. Kwano ya zo, ta karɓa da godiyar Fulatanci, "Useko, Maman Tobias," ta zaga bayan ɗaki ta juye musu, ta zauna jiran wadda za ta fara faɗuwa. Kaji sai ƙiba suke. Hakan bai kwantar mata da hankali ba, don ta ga irin gubar da ke cin rai a hankali.

Ranar da Tobias ya rushe inda ya tsage don ya sake ginawa, Aisatu ta manta bayan ɗakinta ya zama fili. Tana tsugune tana juye tuwo, ta ɗaga kai, sai ga Dinatu tsaye da tsintsiya a hannu.

"Maman Mufida, abinci na bai yi daɗi ne?"

Ƙarya ta ƙi zuwa. Aisatu ta ce, "Gwadawa nake yi."

Dinatu ta tsallako ta kan ɓaraguzan, ta sa hannu a kwanon, ta gutsuri ragowar tuwon ta haɗiye.

"Ka gani, na ci. In na mutu, ka zo jana'iza."

Ta ɗauki kwanonta ta koma.

Kunya ta kama Aisatu har ta kasa cin abinci. Da safe ta cika kwanonta mai murfi da kindirmon da ya fi kauri, ta ɗora curin man shanu, ta ba Mufida ta kai. Yini guda kunnenta na wajen katanga.

Da la'asar Tobias ya miƙo kwanon ta saman sabon gini, ya gaishe ta da ladabi. Tun daga rashin nauyinsa ta sha jinin jikinta. Ta buɗe murfin. An wanke shi tas, har an goge, ba komai a ciki.