Wasan da Yaya Bai Taɓa Ƙwallo Ba

Ƙanshin garwashin dutsen guga, gauraye da na man keken ɗinki, shi ya tarbe ni a ƙofar shagon Baba ranar Asabar ɗin nan. Kekuna huɗu duk sun yi shiru, abin da ba ya faruwa sai lokacin sallar Juma'a. An ture yadudduka gefe, an ɗora talabijin a kan teburin yanka. Ni aka aika gida na ɗauko faifan bidiyon da Yaya ya aiko daga Amurka, na rungume shi a cikin tasi har kasuwar Terminus, inda shagon yake, kamar wani zai fizge.

Yaya ne babba a gidanmu, ni ce auta. Tun yana sakandare sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗakin Umma. Ƙwallon kwando yake yi, har wasu baƙi suka zo suka auna tsawonsa da faɗin hannuwansa, suka samo masa gurbin karatu a wata jami'a can. Da ya isa sai aka dubi kafaɗunsa aka canza masa wasa, aka ba shi hular kwano, ya shiga irin ƙwallon da Amurkawa ke yi. Baba bai so tafiyar ba, don shi ya yi niyyar bar wa shagon. Shekara uku Yaya yana maimaita magana ɗaya a waya: "Baba, ka dai gani da idonka sau ɗaya."

Baba ya sayo lemo ya gayyato maƙwabta: telolin layin, wani direba abokinsa, da maƙwabcinmu Ibo mai sayar da zare da maɓallai. Tunda ni ce mai Turanci, ni aka ɗora wa nuna Yaya a cikin taron masu hula.

"Ga shi can, Baba. Wancan ƙaton da ya durƙusa a sahun gaba."

"Durƙuso kuma?" in ji direban. "Gaisuwa suke fara yi?"

Sai sahu biyu suka yi karo, suka zube a ƙasa, suka tashi, suka sake durƙusawa. Mu duka ƙwallon ƙafa muka sani, inda ɗan wasa shi ne wanda ƙwallo ke zuwa ƙafarsa. Idanunmu suka bi ƙwallon, muna jiran ta iso hannun Yaya.

"Oga, yaro naka akwai ƙarfi," in ji mai zare. "Amma yaushe za a ba shi bol?"

"Za a ba shi," Baba ya ce. "Ku sha lemo."

Ba a ba shi ba. Can sai Yaya ya keta mutum biyu ya faɗa kan wani siriri da ke shirin jefa ƙwallon, filin ya ɗauki ihu. Direban ya dafe kai.

"Wannan a wurinmu ai jan kati ne. Ji yadda jama'a ke yi masa ihu, sun ji haushi."

Har sau uku hakan ta faru, kowane ihu ya fi na baya. Na ga Baba yana murza tef ɗin awo a yatsunsa. Wani tela ya ce, "Alhaji, ka ce dai turin mota aka kai shi koyo. Da ka bar shi a tasha, ga malami nan." Ya nuna direban. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin ta mutanen da suka shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya. Baba ya tashi ya kashe talabijin, ya ce aikin mutane na jira. Ya zauna a kan kekensa yana takawa, ni kaɗai na lura babu zare a allurar.

Washegari Yaya ya kira, ni na ɗauka.

"Auta, ya gani? Me ya ce?"

Na so in lallashe shi. Na ce, "Yaya, kada ka damu. In sha Allahu wata rana za su ba ka ƙwallon."

Sai ya yi 'yar dariya ya ce in ba Baba.

"In ba su yarda da kai ba, ka dawo gida," Baba ya ce masa. "Ban haife ka don a tara jama'a a yi maka ihu ba."

Ina jin muryar Yaya daga nesa: "Baba, ai aikin nawa ke nan, ba a..."

"Kada ka kare su. Haƙurinka ya yi yawa, irin na uwarka."

Daga ranar bai ƙara aiko faifai ba, mu ma ba mu tambaya ba, don kada mu fama masa ciwo. Da wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi bayan ya gama jami'a, a taƙaice ya faɗa, bayan ya gama tambayar lafiyar kowa. Baba ya ce, "Allah ya sa waɗannan su fi adalci." A shekararsa ta biyu a ƙungiyar, Baba ya rasu da safe, aka yi jana'iza bayan azahar, Yaya yana can wata duniya. Daga baya ya koma wata ƙungiyar, gwiwarsa ta lalace, aka yi masa aiki har sau biyu, suka sallame shi.

Ya dawo Jos yana ɗingishi, tare da matarsa, 'yar Kaduna da suka yi jami'a ɗaya. Sun zauna a unguwar Rayfield. Akwai ranakun da ciwon kai ke hana shi ganin haske, sai a sauke labule, mu riƙa magana ƙasa-ƙasa. Bai taɓa ɗauko zancen wasan ba. Ni kuwa na karanta littattafai da yawa a shekarun nan, amma ban taɓa neman sanin dokokinsa ba, domin a raina wasan da ya wulaƙanta Yaya ne.

Bara, muna yankan kabeji ni da matarsa, na ba ta labarin ranar shagon, har ina kwaikwayon muryar direban. Ta ajiye wuƙar.

"Wane wasa ne? Wanda ya kayar da mai jifan sau uku?"

Na ce shi ne.

Ta ce tana cikin filin ranar. Masu tsayawa a gurbin Yaya ba a ba su ƙwallo, aikinsu su fasa sahu su kayar da mai jefa ta, kuma wani sai ya yi wasanni da yawa bai samu ko sau ɗaya ba. Ihun da muka ji, sunansa jama'a ke kira. Saboda wannan wasan ƙwararru suka ɗauke shi, kuma a cikin duk wasannin da ya yi a jami'a, shi ya zaɓa ya aiko wa Baba.