Karan Taba a Tashar Semarang

A bakin tashar Semarang, cikin 'yan acaɓa, akwai wani dattijo da suke kira Pak Kasno. Ramamme ne, riga ta yi masa yawa, ga filastar asibiti a hannunsa. Shi kaɗai ne ba ya busa hayaƙi.

"Pak, likita ne ya hana, ko uwargida?" in ji wani mai gashin-baki, yana miƙo masa taba. Aka kwashe da dariya.

"Ƙirjina ne," ya ce a hankali.

"Haba, kara ɗaya! Ko ka fi ƙarfinmu yanzu?"

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Wataƙila duk duniya ba shi da wata majalisar. Ya karɓa, aka kunna masa. Da tarin ya turnuƙe shi, kowa ya kau da kai.